Sunan da Inna Ta Faɗa wa Masu Inshora

Unguwar Al-Suwaidi,
Riyadh.

Zuwa ga ƙanena Mijinyawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Bilqis da ɗanmu Sadiƙ. Yaya karatu, yaya kuma sanyin Kanada da kake ta kuka da shi? Allah ya ba da sa'a, ya sa a gama lafiya a dawo mana da abin da aka je nema. Yaya ƙarin haƙurinmu na Goggo Azumi? Allah ya jiƙanta, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da ƙaninta Baba a gidan Aljanna. Mu a nan lafiya lau, alhamdulillahi. Zafi ya fara sassautawa, har mutum yana iya taɓa sitiyarin mota da rana bai ƙone ba. Na koma aiki a asibiti, sun mayar da ni ɗakin tsofaffi, wanda da an tambaye ni a wannan lokacin ba shi zan zaɓa ba. Yara kuwa, Hajar ta shiga ajin ƙarshe na sakandare. Mu'azzam kuma yana nan da Hausarsa ta 'yan koyo, in ya gaida Inna a waya sai ta juya ta tambayi Jidda me yaron ya ce. Mutanenmu na nan sun yi mini kara sosai da na dawo, har matan unguwar Manfuha da nake sayen kuka da daddawa a wajensu sun haɗa kuɗin mota sun zo ta'aziyya da tukunyar kunu.

Ka yi ta tambayata yadda aka yi na isa gida, kuma duk lokacin da na ɗauko maganar a waya sai muryata ta ƙi, kai ma ka hau rarrashi, mu rabu ba a faɗi komai ba. Ga bambancin lokaci: in na tashi daga aiki kana aji, in ka samu sarari ni na gaji tiɓis. Ƙanwata Jidda kuwa, yayarka, ka san halinta, labari a bakinta daga tsakiya yake farawa. Shi ya sa na ce bari in zauna yau da nake hutu in rubuta maka da hannuna, yadda muke rubuta wa Baba lokacin muna makarantar kwana, in ɗauki hoton takardar in turo maka. Akwai kuma wata alfarma da nake nema a wajenka, amma ba za ka gane ta ba sai ka ji labarin daga tushe.

Tushen kuwa wani katin banki ne. Bara da aka ƙara wa maigidana Abban Hajar girma a kamfaninsu, bankinsa ya kira shi ya ba shi irin katin nan na manya, baƙi wuluk, mai ɗan nauyi a hannu, wanda ake saye da shi a biya daga baya. Mijinyawa, tun daga ranar ba mu huta ba. Ko burodi ya sauka saye a baƙala, ɗan shagon da ke ƙasan gidanmu, sai ya zaro katin a hankali yadda mai shagon zai gani. A zaman da 'yan Najeriya suke yi ran Juma'a a unguwar Ulaisha kuwa, babu wanda bai sha karatun katin nan ba. Wai yana shigar da mutum ɗakin hutun manya a filin jirgi ya ci ya sha kyauta, kuma wai duk tafiyar da aka sayi tikitinta da shi akwai inshora a kanta, ba tare da an ƙara ko riyal ɗaya ba. In kaya sun ɓace su biya, in jirgi ya makara su kama maka masauki, in ciwo ya kama ka a ƙasar mutane su kai ka asibiti, kai da iyalinka. Ni kuwa ina ta yi masa tsiya, ina cewa mutum bai fita daga gida ba ya fara lissafin karyewar ƙafa. Na ma taɓa ba Goggo labarin a waya don mu yi dariya, ta ce in gaya masa ita da Fatiha da Ƙulhuwallahu ta je Makka ta dawo, ba wanda ya ba ta kati.

Da aka ba yara dogon hutu, garin ya zama tanderu, duk mai hali ya fice, shi ma ya ce bana ba za a bar shi a baya ba, Istanbul za mu. Na so a ce gida muka nufa, amma ya ce bara mun je, a bar yara su ga wani wuri. Na nemi hutu wajen mudira, shugabarmu a asibiti, ta ba ni, ya sayi tikiti da katinsa, aka kuma shiga ɗakin manyan da aka daɗe ana ba mu labari, Mu'azzam ya cika aljihunsa da biskit. Ba mu daɗe da sauka ba, wata safiya muna karyawa a masauki, Jidda ta kira. Goggo ta faɗi tana alwala, an kai ta asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Na sa ta juya mini kyamara in gani. Aikina ke nan shekara da shekaru, na san abin da idona ya gani, ba na bukatar likita ya yi mini bayani. Jidda ta ce kalma ɗaya ake ganewa sosai a bakinta, ita ce sunana. Daga wannan lokacin ban sake sanin a wane gari nake ba. Abu ɗaya ne a raina, kada Goggo ta tafi ban riƙe hannunta ba.

Kai auta ne, ka taso ka tarar da ni a gidan Goggo, ba ka taɓa tambayar yadda aka yi ba. Yaye aka kai ni wajenta, kamar yadda ake yi wa 'yar fari, da niyyar in an kwana biyu a dawo da ni. Ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, ga ta yayar Baba, wa zai iya tsayawa a gabanta ya ce ta miƙo? Da Baba ya aika a ɗauko ni, ta ce a gaya masa yarinyar tana barci. Haka na yi ta barcin nan har aka kai ni ɗakin miji. A bayanta na yi ƙyanda, a kan tabarmarta na koyi Fatiha, ƙamshin tuyar ƙuli-ƙulinta ne yake tashina kowace safiya. Har yau in na wuce masu sayar da gyaɗa a kasuwar Batha sai in tsaya kamar wadda ta manta abin da ta zo saye. Ita ta tsaya kai da fata sai na shiga makarantar jinya, lokacin da dangi suke cewa karatun ya isa haka. Duk ranar komawa makaranta ita ke raka ni tasha da kwanon ƙuli da dakuwa a ka, ta zagaya motar ta duba tayoyi kamar ta san wani abu a kansu, sannan ta tsare direba da ido ta gaya masa ta san gidan ubansa. Faɗa kuwa ba a magana, amma in ta zage ni da safe, da rana zan tarar ta ɓoye mini ƙanzo a ƙarƙashin faifai.

Ba ka nan lokacin da muka kawo ta Umra ta biyo mu Riyadh. Da ka sha kallo. Ta ce na'urar sanyaya ɗaki tana shiga mata ƙashi, ta kwashi tabarma ta koma baranda. Abin da ya fi damunta shi ne wai muna zaune bene ɗaya da mutane ba mu san ko sun kwana lafiya ba. Wata safiya na dawo daga aiki na tarar ta bi ƙofa ƙofa da ƙuli a leda, tana gaida Larabawa da Hausa, suna amsa mata da Larabci, kuma kowa ya gamsu. Har gobe wata tsohuwa 'yar Sudan da ke hawa na biyu tana tambayata ita, ranar da na gaya mata rasuwar sai da ta zauna a kan matakala ta yi kuka.

To, mu koma Istanbul. Muka duƙufa neman jirgi, ni da wayata shi da tasa. Lokacin hutu ne, alhazai ma ba su gama komawa ba, duk hanyar da ta nufi Kano ko Abuja a cike take har mako mai zuwa. Kujera ɗaya tak ta rage, ta manya a gaban jirgi, a wanda zai bi ta Alkahira washegari da safe. Da Abban Hajar ya ga kuɗinta sai ya kife wayar a kan tebur. Mun sabunta iƙamar yara, takardar zamansu a ƙasar, mun biya makaranta, katin da ake taƙama da shi ma hutun ya riga ya cinye abin da aka yarje masa. Can sai ya ɗago ya ce ai akwai inshora, in an kira matafiyi daga gida saboda rashin lafiya mai tsanani su ke mayar da shi. Ban taɓa jin daɗin surutun katin nan ba sai ranar. Ya kira lambar da ke bayan katin, wata mata ta ɗauka, da jin Larabcinta 'yar Masar ce. Ta saurare shi da natsuwa, ta ce za ta iya riƙe kujerar zuwa la'asar, amma sai ta san mece ce marar lafiyar a wajena. Ni daga gefe na ce uwata ce. Shi kuma, da gaskiyarsa ta injiniya da ba ta san lokaci ba, ya ce yayar mahaifina ce. A tare muka faɗa. Matar ta tambaya a hankali ko mahaifiyata tana raye. Na ce tana raye, tana ma zaune a bakin gadon marar lafiyar. Sai ta ba ni haƙuri, ta ce waɗanda aka yarje mata su ne uwa da uba, da miji ko mata, da 'ya'ya, da 'yan'uwa na ciki ɗaya, goggo ba ta ciki. Kallon da na yi wa Abban Hajar, har yau in na tuna masa sai ya ce don Allah a bar maganar.

Na karɓe wayar. Larabcina na asibiti ne, na allura da awon jini, ban taɓa yi wa kowa bayanin riƙo da shi ba, amma ranar ya fito. Na gaya mata a ƙasarmu ana ba da ɗa ba don an rasa abin ciyar da shi ba, ba kuma don uwar ta mutu ba, sai don zumunci. Ba a zuwa kotu, ba a rubuta komai, kowa a gari ya sani, shi ke nan. Na gaya mata wannan matar ce ta goya ni, ita ta kai ni ɗakin miji, a ɗakinta na yi wankan jego da na haifi Hajar. Ina magana ina kuka, mutanen da ke karyawa a gefenmu suna satar kallo. Allah ya saka wa matar nan da alheri, ba ta katse ni ba. Ta ce in jira, ta je ta yi magana da na gaba da ita, ta dawo ta ce akwai hanya. Suna karɓar wanda ya reni mutum a madadin iyayensa, in likita ya rubuto halin da ake ciki, kuma in ɗaya daga cikin iyayen da suka haifa ya shaida da bakinsa a waya, su naɗa. Wai ba wani dogon abu ba ne. Mahaifiyar za ta faɗi sunanta, ta faɗi cikakken sunan 'yarta, ta ce wance ce ta rene ta. Ta faɗe shi kamar wadda ta kawo mini albishir.

Kai ba za ka ji nauyin wannan ba sai ka tsaya ka yi tunani, don sunanka a bakin Inna ba ya hutawa, Mijinyawa ya ci, Mijinyawa ya sha, a nemo wa Mijinyawa hularsa. Ni tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba. In ina kusa, ke ce. In ba na nan, ta wajen Goggo, ko yarinyar nan, ga ni furfura ta fara leƙowa. Ka tuna maƙwabciyarmu da muke suna ɗaya? Shekara nawa suna zaune katanga ɗaya, Inna ba ta taɓa kiranta da komai ba sai mai koko. Ina ƙarama na ɗauka ƙina take yi. In na shigo gidanmu da aike sai ta kau da kai ta ci gaba da tankaɗe, in na faɗi na fasa gwiwa a gabanta sai ta kira wani ya ɗaga ni. Na taɓa kai ƙara wajen Goggo, na ce matar Baba ba ta sona. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in na girma zan gane kunya ce, kuma in lura da kwanon da ake saka wa tsokar da ta fi girma ran Sallah. Na lura, gaskiya ta faɗa. Na girma na gane, amma ganewar ba ta hana abin zama a wani lungu na zuciyata ba. Wataƙila shi ya sa nake ƙwala wa Hajar kira da sunanta har maƙwabta su ji, ina kuma amsa Ummu Hajar a wajen aiki ko a jikina.

Na roƙi matar ko Jidda za ta iya faɗa a madadinta, ta ce a'a, sai daga bakin mahaifiya. Baba ya rasu, babu wani. Na kira Jidda na gaya mata yadda ake ciki, na kuma ja mata kunne kada ta kuskura ta kai wa Inna wannan magana. Tsohuwa tana fama da jinya, ba zan sa ta kwance abin da ta ɗaure tun tana yarinya saboda kujerar jirgi ba. Na ce zan jira mako mai zuwa, alhali na san da ƙyar Goggo take da mako mai zuwa. Abban Hajar ya shiga kiran abokansa na Riyadh neman rance, rabinsu suna hutu ba sa ɗauka, la'asar kuma tana matsowa. Ashe Jidda a lasifika ta saka ni kamar yadda ta saba, Inna kuma tana tsaye a bayanta da buta a hannu. Jidda ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Inna ta je ta yi sallar azahar, ta daɗe a kan sallaya, ta shafa, ta gyara lulluɓi, sannan ta ce a kira mata mutanen jirgin.

Aka haɗa mu a layi ɗaya, ni da matar da Inna, da wani mai fassara da suka nemo, da jin Hausarsa mutumin Nijar ne. Jidda ma korarta aka yi, Inna ta ɗauki wayar ta tafi ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bayan ɗakin marasa lafiya ita kaɗai. Da matar ta gaya wa mai fassarar abin da za a tambaya, bai fassara kai tsaye ba. Ya tambayi Inna ko 'yar fari ce, ta ce ita ce. Bawan Allah sai da ya gaishe ta da mai jiki, ya ba ta haƙuri, ya ce shi ma ɗan fari ne, aiki ne ya sa shi, ta yafe masa. Inna ta ce ba komai. Ta faɗi nata sunan, muryarta ƙasa ƙasa. Sannan ta tambaya ko yarinyar tana ji. Na so a ce ya yi mata ƙarya, wallahi na so. Ya gaya mata gaskiya, ina kan layi. Sai ta ce to a ɗan kau da ni tukuna. Ya fassara, matar ta ce wannan haƙƙinta ne, ta ba ni haƙuri, sai kawai na ji kiɗa a kunnena, irin ɗan kiɗan nan da kamfanoni suke sa wa mai jira, wata murya tana ta maimaita cewa kirana yana da muhimmanci a wajensu. Mijinyawa, ina zaune a bakin gado a masaukin mutane, a can wani wuri cikin wayar nan mahaifiyata tana faɗin sunana karo na farko, ni kuma ina sauraron talla. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, na haɗa duka biyun har Hajar ta tsorata.

Da aka dawo da ni Inna ta riga ta sauka. Matar ta ce khalas, an gama, kujera tawa ce, za su turo tikiti da motar da za ta kai ni filin jirgi. Kafin mai fassarar ya sauka ya ce yana so ya gaya mini wani abu da ba na aiki ba. Ya ce Inna ta faɗi sunan, kuma sau biyu, don matar ta nemi a maimaita, ba ta yi gardama ba.

Na bar yara da ubansu su ƙarasa hutun su koma Riyadh. Kujerar manyan da aka ba ni, wadda take miƙewa ta zama gado, ban kwanta a kanta ba, abincin da suka yi ta jerawa ban san ɗanɗanonsa ba. Ina sauka Alkahira na kunna waya, Jidda ta ce Goggo tana nan da ranta. A Kano ma haka. A hanyar Kazaure damina ta yi kyau, gero ya kai kafaɗa, duwatsun garinmu sun yi kore shar, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da nake kewa kullum a nan, amma duk ban kula ba, sai yanzu yake dawo mini. Da na shiga ɗakin asibitin na tarar da Goggo ta ƙanƙance a kan gado, matar da muryarta take kaiwa ƙarshen layinmu. Na durƙusa na kama hannunta na hagu, mai lafiyar, na ce mata ga ni na zo. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wani abu da ban gane ba sai da ta maimaita. Wai na rame, ko ba a ba ni abinci ne a Makkan. Ka san ita har ta koma ga Allah duk ƙasar nan Makka ce a wajenta.

Inna tana zaune a kan tabarma a gefen gadon. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa, ta tambayi hanya da mutanen gida, kamar ba abin da ya faru. Jidda ce, da cikinta da ba ya riƙe magana, ta sunkuya ta rattaba wa Goggo labarin wayar. Na ga gefen bakin Goggo mai motsi ya ɗaga. Ta juya ido wajen Inna, ta kira ta da matarmu, yadda take kiranta tun tana amarya, ta ce ashe da tsufa za a fara rashin kunya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce. Sai Goggo ta yi ta jan hannuna. Na ɗauka juyi take so, na tashi zan gyara mata filo irin na aikina, ta ƙi saki. Ta ja shi har bakin gado, ta yi wa Inna alama ta matso, ta ɗora hannuna a kan nata. Da ƙyar maganar ta fito, amma duk mun ji. Ta ce aro ta karɓa, ta daɗe da shi, a yafe mata. Inna ta ce ba aro ba ne, kyauta ce, kuma ita babu abin da za ta karɓa. Amma ba ta janye hannunta ba. Rabon da hannun Inna ya riƙe nawa haka, tun ban yi wayo ba. Tafinta da kaushi, da ɗumi.

Goggo ta ƙara kwanaki kaɗan. Ni na yi ta juya ta, ina goge mata jiki, ina ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Abin da nake yi wa iyayen mutane a nan kullum, Allah ya nufa na yi wa tawa. Ta cika da hantsi, kanta a kan cinyata, Inna tana karanta mata kalmar shahada. Ni da Inna muka yi mata wanka. Sauran ka ji a waya, jama'ar da ta taru, da matan da suka yi ta zuwa suna cewa ita ta koya musu sana'ar ƙuli. Bayan addu'ar bakwai na juyo, don hutuna ya ƙare. Inna ba ta fito rakiya ba, a soro ta tsaya, amma da na buɗe jakata a Riyadh na tarar da ƙullin yaji da busasshiyar kuɓewa da ban san lokacin da aka saka ba. Tun da na dawo kuma, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan sa Jidda ta kira mata ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambaya ko ni ce, ta tambayi zafi, ta tambaya ko yara sun ci abinci, sannan ta ce a gaida mutanen gidan. Sunan dai bai sake fitowa ba, ban kuma sa rai ba.

Yanzu ga alfarmar. Makon jiya ina tuƙi zuwa aiki sai na tuna matar ta ce naɗa suke yi. Ban san yadda aka yi ban tuna ba sai lokacin. Na kira su daga wurin ajiye motoci kafin in shiga, na ce ina so a ba ni abin da aka naɗa. Wani saurayi ne ya ɗauka, ya duba ya ce yana nan, amma wannan ɓangaren muryar wata ce ba tawa ba, kuma ita da kanta ta nemi a fitar da ni, don haka ba za su bayar ba sai ta yarda da bakinta. Ya ce kuma ba sa ajiyewa har abada, in wa'adinsa ya cika gogewa suke yi, wa'adin kuwa bai wuce ƙarshen shekarar nan ba. Abban Hajar ya ce zai je banki ya yi musu hayaniya, shi mai baƙin kati, na ce ya zauna, yaron gaskiya ya faɗa. Jidda ba za ta iya ba, za ta mayar da abin wasa Inna ta ƙi. Ni kuwa ko za a yanka ni ba zan iya buɗe baki in tambaye ta ba, ashe kunyar nan ba a wajenta kaɗai take ba. Kai ne ba ta taɓa hana ka komai ba, tun kana birgima a ƙasa a kan ƙafar kaza. Ka samu ranar da take cikin walwala, bayan ta ga Sadiƙ a waya, ka ɗauko maganar a hankali. Ka ce mata ba sai ta sake faɗa ba, e kawai za ta ce musu. Ka ce ba zan kunna a gaban kowa ba, ko Hajar, kuma ba zan taɓa nuna mata na ji ba. Na haura arba'in, na ji sunana a bakin Larabawa da Indiyawa da 'yan Filifin, kowa da yadda yake karya shi, ina so in ji yadda yake a bakin wadda ta haife ni. Idan ta ƙi kada ka matsa mata, ta riga ta yi abin da ya fi ƙarfinta saboda ni. Amma kada ka gaya mini ta ƙi. Ka ce mini ba ka samu zarafin tambaya ba, har shekarar ta ƙare.

Ka gaida Bilqis sosai da sosai, ka shafa mini kan Sadiƙ. Abban Hajar yana gaishe ka, Hajar da Mu'azzam suna gaida kawunsu. Ka riƙa sa Goggo da Baba a addu'a. Allah ya tsare ku, ya haɗa mu a tsakar gidanmu na Kazaure Inna tana raye.

Ni ce yayarka,
Sailuba